Zagi ne kaɗai ba na in'ina a cikinsa

Ni mai in'ina ne tun ina yaro, kuma da wannan zan fara, domin in na ɓoye shi sauran labarin ba zai zauna ba. Haruffa uku ne suka fi wahalar da ni: ba, da, da ka. In kalma ta fara da ɗayansu, ga kuma mutum ya zuba min ido yana jira, sai harshe ya ƙage, muƙamuƙi ya sandare, numfashi ya tsaya min a maƙogwaro kamar an toshe bakin tulu. Maganar tana nan a raina sarai, fitowar ce ke gagara. Masana sun ce kusan mutum 1 cikin kowane 100 na manya yana fama da in'ina, kuma maza sun ninka mata wajen sau 4. Wannan lissafi sai da na girma na ji shi. Ina yaro gani nake ni kaɗai Allah ya yi haka. Na koyi zama a kujerar baya a aji, na koyi sauya kalma mai wuya da mai sauƙi tun kafin ta iso bakina, na koyi yin murmushi a inda ake jiran amsa.

A 2019 wani abokin karatuna ya saka min gem a waya. Lokacin wasannin harbi na mutane da yawa sun cika wayoyin samari: Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a watan Maris na 2018, Call of Duty na waya kuma a Oktoban 2019. Duk na taɓa su, amma ɗaya na riƙe. Jirgi ne zai kwaso ku, kowa ya diro da laima a inda ya ga dama, hannu rabbana, ka shiga gidaje kana tsintar bindiga da harsashi da magani, fili kuma yana ta tsukewa yana tura ku wuri ɗaya, har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya a tsaye. Watanni na yi ina bugawa ni kaɗai, kuma ba zan manta daɗin watannin nan ba. Yatsuna ba sa in'ina. A karon farko a rayuwata na sami wurin da nake gogayya da mutane babu wanda yake jiran na buɗe baki. In na yi nasara, nasarar tawa ce cikakkiya, babu wanda ya tausaya min ya bar min.

Da na ƙware sai na so shiga ƙungiya ta mutum huɗu, don a can ne ainihin wasan yake. Matsalar ita ce ƙungiya da baki take tafiya. Dole ka gaya wa 'yan'uwanka inda ka hango abokin gaba, ko harsashinka ya ƙare, ko an kayar da kai kana rarrafe kana neman mai tayar da kai. Duk wannan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ake faɗarsa. Na daɗe ina shiga da mayik a rufe, har wani dare da wasan ya haɗa ni da mutum uku. Biyu daga cikinsu abokan juna ne, harshenmu ɗaya, suna ta hira da dariya. Na ukun bai ce uffan ba. Jin harshena a kunne ya sa na saki jiki, na danna mayik na buɗe.

Mun kai mu goma sha wani abu da suka rage a fili. Muna laɓe a bayan wani rusasshen gini, su biyun suna kallon gabas, ni kuma na juya sai na ga mutum biyu suna saɗaɗowa ta cikin ciyawa. Kalma ɗaya ake bukata: bayanku. Na buɗe baki. Ba. Ba. Ba. Ina ganinsu suna matsowa, ina ganin ɗayan ya ɗaga bindiga, harshena ya manne a wuri ɗaya. Kafin kalmar ta fita an zubar da mu uku.

Shiru ya ɗan gifta, sannan ɗayan ya ce, "Kai, wa ya shigo mana da akuya?" Sai ya fara kwaikwayona, ba-ba-ba, yana jan muryar kamar kukan dabba, ɗan'uwansa yana dariya har da tari. Daga nan suka wuce kan uwata da ubana. Wai in ban iya magana ba me ya kai ni cikin mutane, in koma in yi wasa da yara. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne ban fita ba. Maɓallin fita yana ƙarƙashin babban yatsana, amma na zauna ina saurare har suka gaji, kamar yadda nake tsayawa a filin makaranta ina jiran masu tsokana su ƙare. Na cire iyafis hannuna yana rawa. A daren nan ban runtsa ba sai gab da asuba.

Mutane kan ce ai wasa ne, wanda bai san ka ba ya zage ka me ya rage ka da shi. Wanda yake faɗin haka bai taɓa sa iyafis an zage shi ba. Zagin titi daga nesa yake zuwa, iska ta kwashi rabinsa. Wannan kuwa a cikin kunnenka ake zuba shi, kana kwance a kan gadonka, a ɗakin da kake ganin nan ne mafakarka, babu wanda ya ji balle ya ce a'a, ku bari. Kuma ba ni kaɗai ba ne. A 2019 ƙungiyar ADL ta Amurka, mai yaƙi da nuna ƙiyayya, ta tambayi manyan mutane masu buga irin waɗannan wasanni a ƙasar, kashi 74 cikin 100 suka ce an taɓa cin zarafinsu a ciki, kashi 65 kuma suka ce abin ya kai ga mai tsanani, irin barazana da bibiya da naci. Wato wanda bai taɓa sha ba shi ne bare.

Da safe na buɗe wasan da niyyar goge shi, sai na tarar da saƙon neman abota. Daga na ukun nan ne, wanda bai yi magana ba. Sunansa wasu lambobi ne da alamar tauraro, babu hoto, babu komai. Na karɓa. A raina na sa masa suna Mai Shiru.

Sama da shekara muka yi muna buga wasa tare, ban taɓa jin muryarsa ba. Da alama yake magana. Zai danna wuri a taswira, in gane can za mu sauka. Zai ajiye min harsashi a ƙasa ya yi tsalle sau biyu a kansa, in gane nawa ne. In aka kayar da ni, sai in ga hayaƙi ya turnuƙe kewaye da ni, shi ne ya jefa gurnetin hayaƙi ya rarrafo ya tayar da ni. Daga baya na karanta cewa masu wasan Apex Legends, wanda ya fito a 2019, sun shafe wata guda suna gwada wasansu da murya a kashe, don su tabbatar baƙi uku za su iya fahimtar juna da alama kawai. Da na karanta sai na ce lallai akwai wanda ya yi tunanin irinmu. Ni da Mai Shiru mun riga mun gina namu yaren tun kafin in san da haka.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ba da shi ina mai ɗaga kai. Amma akwai sauran, kuma shi ne dalilin rubutun nan.

A 2020, lokacin kullen korona, wasan ya cinye min dare da rana. Na shiga neman matsayi. Duk wanda ya buga ya san yadda abin yake: kana da maki, in ƙungiyarku ta daɗe a fili su ƙaru, in an fitar da ku da wuri su ragu. Ka yi kwana uku kana tara abin da kuskuren mutum ɗaya zai zubar cikin minti biyu. Kuma mutumin nan ba ka san shi ba, ba ka ganin fuskarsa, ba za ku sake haɗuwa ba. Ba ka san ko netwok ɗinsa ne ya yi nauyi ba, domin wanda saƙonsa ke ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya je ya dawo, an riga an harbe shi kafin ya ga mai harbin. Ba ka san ko yaro ne ɗan shekara goma sha biyu da wayar yayansa ba. Abin da ka sani kawai makinka ya tafi. Tun 2004 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, John Suler, ya yi rubutu a kan yadda intanet ke kwance wa mutum linzami: ba a san sunanka ba, ba a ganinka, ba ka ganin idon wanda kake gaya wa magana, sai ka faɗi abin da ko da wuƙa a wuya ba za ka faɗa ido da ido ba. Ni ban karanta shi ba a lokacin. A jikina na gwada.

Wani dare wani ya ɗauke motar da muka samu ya tafi ya bar ni a fili, da'irar da ke tsuke filin ta cim min. Raina ya ɓaci, na buɗe mayik, na ɗura masa ashar. Jimla guda, doguwa, mai ba da ka da da a cikinta, ta fita sumul, ko tuntuɓe ban yi ba. Na tsaya ina jin bugun zuciyata. Na sake wata. Ita ma ta fita kamar ruwa a gangare. Na san tun da cewa ba na in'ina in ina waƙa, kamar yawancin masu in'ina, amma ban taɓa sanin fushi ma yana buɗe min baki ba, don ban taɓa barin fushina ya fito ba. Shekara ashirin da wani abu ina haɗiye magana, sai ga ƙofa ta buɗe, kuma abin da ke bayanta zagi ne.

Ina so a fahimce ni a nan, don ba uzuri nake nema ba. Daɗi na ji. Mutumin ya yi shiru, kuma ni ne na sa shi shirun. Ban taɓa cin nasara a kan kowa da baki ba sai ranar. Daga nan na zama abin da na zama. Jaki, daƙiƙi, nub (wato ɗan koyo), goge gem ɗin ka huta, wa ya ba ka waya. Na iya gano inda zai yi wa mutum ciwo daga muryarsa kawai: in yaro ne in ce ya je ya sha nono, in harshensa ya nuna baƙo ne in kwaikwayi lafazinsa. Ni, da aka kwaikwayi nawa. Sau biyu aka rufe min murya na wasu kwanaki saboda ƙarar da aka kai, na ɗauki abin kamar lambar yabo.

Akwai wanda muka yi ta musayar zagi har ya bi ni waje. Hoton da ke kan asusuna na wasan shi ne na shafina na sada zumunta, da sunana na gaskiya. Ya nemo ni, ya turo min hoton ƙanwata da ya ciro daga shafin, ya rubuta cewa ya san inda za a same mu. Cikina ya ɗuri ruwa. Wataƙila burga ce, amma na san irin wannan ta taɓa zama gaske. A ƙarshen Disambar 2017, a birnin Wichita na jihar Kansas a Amurka, rigima a kan cacar dala ɗaya da rabi a wasan Call of Duty ta sa wani ya kira 'yan sanda da rahoton ƙarya, ya ba su adireshin wani gida. Suka je, suka harbe wani magidanci ɗan shekara 28 a ƙofar gidansa, mutumin da bai san ma ana rigimar ba. Wanda ya yi kiran an ɗaure shi shekara 20. Na cire hotona, na sauya suna, na raba asusun wasa da shafina, na toshe mutumin. Na tsorata ƙwarai, amma tsoron bai gyara min baki ba. Ɓoyewa kawai na ƙara iyawa, kuma wanda ya ɓuya da kyau ya fi sakin baki.

Yayata ce ta fara ji. Ita ce ta raine ni kusan rabin ƙuruciyata, ita ce take zama da ni tana sa ni karanta littafi a bayyane, tana cewa in ja numfashi, babu mai kora ta. Wata rana na fito daga ɗaki na same ta tsaye a bakin ƙofa, idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ta ce, "Wucewa zan yi na ji ka kana magana tiryan-tiryan, babu tsayawa. Wallahi sai da na dafa bango don murna, na ce Allah ya karɓi addu'ata. Sai na kasa kunne na ji abin da kake faɗa." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƙanena, da wannan bakin gara in'inar."

Na so in ba ta amsa, in ce ba ki san abin da suke yi min ba. Kalmar farko ta maƙale. Ta jira ni, kamar yadda ta saba, har na haƙura na sunkuyar da kai. Na yi kwana biyu ban buga ba. A na uku na koma, na dai rage murya don kada ta ji.

Duk wannan lokaci Mai Shiru yana nan. Yana jin komai, bai taɓa cewa komai ba. Abin da na lura da shi kawai, in na fara zagin wani, sai ya je ya ajiye wa mutumin magani ko sulke a gabansa, ya yi tsallen nan sau biyu. Ina gani, ina yin kamar ban gane ba.

Daren da abin ya faru, maki kaɗan ya rage min in haye matsayin da na yi wata biyu ina nema, kuma kakar wasan tana gab da rufewa. Mun rage ƙungiya uku. Aka kayar da ni a gindin wata bishiya, ina rarrafe, jinina yana zuba. Mai Shiru yana bayan dutse, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Na jira hayaƙin nan, bai zo ba. Ashe gurnetinsa ya ƙare, kuma akwai maharbi a kan tudu yana jiran duk wanda ya leƙo. Ya yi ta danna alama a kan tudun, ni kuwa idona ya rufe. Na mutu, maki ya zube. Sai na juya kansa. Na ce masa bebe. Na ce shekara guda ina jan gawa. Na ce in yana da baki ya buɗe ya yi magana kamar mutum, in kuma babu ya gaya min da alamar tasa in sani. Na haɗa da iyayensa. Akwai wasu baƙi biyu a ƙungiyar, ɗayan yana dariya, irin dariyar nan da na sani.

Sai na ga alamar mayik ɗinsa ta yi haske, karo na farko.

Muryar mace ce, a natse, ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, ina nan ranar da suka yi maka. Na ji abin da suka ce, na kasa cewa komai, shi ya sa na turo maka abota. Ni in na buɗe baki, abin da ake ce min ya fi naka muni. Na ɗauka kai ka san ciwon." Ta ɗan tsaya. "Allah ya ba ka matsayin da kake nema."

Kafin ta rufe baki baƙon nan ya riga ya fara: au, ashe mace ce, turo lambarki, da sauran abin da ba zan rubuta ba. Cikin daƙiƙa biyar ya nuna min dalilin shirun shekara guda. Na buɗe baki in ce ya bari, in ce ki yi haƙuri. Fushin ya tafi, saboda haka in'inar ta dawo. Ka. Ka. Ka. Ina nan ina kokawa da harafi ɗaya ta fita daga wasan. Da na duba jerin abokaina, lambobin nan da tauraron ba sa nan.

Na tura mata neman abota sau ɗaya, da ban haƙuri a ɗan gurbin rubutun da ake bayarwa. Ba ta karɓa ba. Na so in sake, sai na ga in na nace na zama irin masu bibiyar da take gudu. Hakkinta ne ta rufe ƙofa. Ban sake jin ɗuriyarta ba, kuma ina roƙon Allah ya sa ta yafe min ko ban ji ba.

Wata uku ban taɓa wasan ba. A cikin watannin ne na ci karo da binciken da kamfanin Riot Games, masu League of Legends, suka yi a kan 'yan wasansu. Sun kafa sashe guda na masana don nazarin halayyar masu wasa, kuma abin da suka gano ya tsaya min a rai: waɗanda kullum cikin zagi suke ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba, kuma abin da ke fitowa daga bakinsu kusan kashi 5 ne kacal na dukan munanan kalaman. Sauran duk daga mutane ne na yau da kullum, waɗanda ranarsu ta ɓaci. Da ina ganin duniyar wasan kashi biyu ce, mugaye da mu da ake zalunta. Ashe mutum ɗaya ne yake kwana a wannan layi ya tashi a wancan. Wanda ya kira ni akuya, wa ya san wanda ya kira shi wani abu kafin ya iso kaina? Wannan bai wanke shi ba, kamar yadda bai wanke ni ba.

Da na dawo, na dawo da sharuɗɗan da na gindaya wa kaina, kuma na gaya wa Yaya su don a sami mai tuhumata. Mafi amfani a cikinsu shi ne mafi sauƙi: zagi na farko, in toshe muryar mutum. Ba na jiran na biyu, ba na ba da amsa, ba na tsayawa in nuna masa kuskurensa. Da ina ganin toshewa gudu ne, kamar na bar masa fili. Yanzu na gane mai zagi kunne yake nema, in ka janye naka ya koma yana yi wa bango ihu, kai kuma wasanka bai tsaya ba, don alama tana nan. In wasa ya ƙare in kai ƙara, in zaɓi ainihin laifin da ya yi, ba don huce haushi ba. Ba kullum nake ganin sakamako ba, amma na san ana tarawa, tunda ni ma ta haka aka taɓa rufe min baki. Kamfanonin ma sun ƙara matsa ƙaimi. Tun 2023 Call of Duty ya sa wata manhaja mai suna ToxMod da ke sauraron hirar murya tana ware kalaman cin zarafi don a duba. Na yi maraba da hakan, ko da yake na san da wuya manhaja ta auna abin da kalmar bebe ta yi wa wadda na gaya wa.

Sharaɗin da ya fi ba ni wuya shi ne na tashi. In aka fitar da mu sau biyu a jere, in ajiye waya, ko da maki nawa ya rage. Na lura zagina bai taɓa zuwa a wasan farko ba. A na biyar yake zuwa, ko na shida, bayan ƙarfe ɗaya na dare, ido ya yi ja, wuya ya ƙage, ina bin abin da na rasa. Akwai alamar da jikina ke ba ni: in na ji maganar tana zuwa bakina sumul, babu wani harafi da ya tsaya, to na san ba ni ne zan yi magana ba, fushin ne. Nan take nake rufe mayik. In'inar da na tsana duk rayuwata ita ce ta zama ma'aunina. In tana nan, ina cikin hankalina.

Sannu a hankali na tara mutanena. Duk wanda muka buga da shi na ga an kayar da shi bai zagi kowa ba, sai in tura masa abota. Yanzu mu shida ne, duk wanda ya samu lokaci ya shigo. Ranar farko nake gaya wa kowa cewa ina da in'ina, in abin gaggawa ne zan danna alama, in hira ce su yi haƙuri su jira ni. Babu wanda ya taɓa ƙi. Akwai mace ɗaya a cikinmu, tana magana da muryarta, kuma duk baƙon da ya shigo ya fara yi mata abin da aka saba, mu sauran muke gaya masa ya bari, kafin ita ta ce komai. Wannan ne abin da ban yi ba a daren da ya kamata, kuma shi ne abin da babu wanda ya yi min a daren farko. Na ga da idona yadda murya ɗaya da ta ce kai, bari, take kashe wutar. Mai zagi yana lissafin cewa sauran za su yi dariya ko su yi shiru. In lissafin ya karye, yawancinsu sukan lafa.

Makon jiya mutanena ba su hau ba, na shiga da baƙi. Akwai wani yaro a ciki, daga muryarsa bai wuce sha uku ba. Ya jefa gurneti ya bugi bango ya dawo kanmu, ya kayar da mutum ɗaya. Wanda aka kayar ya fara. Na ji yaron yana cewa yi haƙuri, yi haƙuri, muryarsa tana rawa. Na buɗe mayik. Abin da nake so in ce gajere ne: ƙyale shi, dukanmu mun taɓa zama sababbi. Ya ɗauke ni wajen daƙiƙa goma. Na tsaya a kan dukanmu har sau huɗu, ina jin gumi a tafin hannuna, amma na kai ƙarshe. Mutumin ya bar yaron ya dawo kaina, du-du-du, yana dariya. Na toshe shi. Na je na tayar da shi duk da haka, don ɗan ƙungiyarmu ne, sannan na ajiye wa yaron magani a gabansa na yi tsalle sau biyu.

Mu ne na goma sha ɗaya a wasan. Da muka fito sai ga neman abota daga yaron. Na karɓa, ya ja ni cikin ɗakin jira, ya ce, "Yaya, gobe ƙarfe nawa za ka hau?"

Na ja numfashi. Kalmar ta tsaya, ta sake tsayawa. Bai ƙarasa min ba, bai yi dariya ba, ina jin numfashinsa a iyafis yana jira.

Na ce, "Ƙarfe tara."